Jinyar Dattijon Da Zuciyarsa Ta Gaza: Daga Lungu Zuwa Gadon Asibiti

Yawanci da tsakar dare abin yake tashi. Dattijo ya yi sallar isha'i, ya ci tuwonsa, ya kwanta da ɗan haƙin nan da iyali suka saba gani har suka daina ɗaukarsa a bakin komai. Can dare ya raba sai ya farka firgigit, gumi ya jiƙe masa riga, yana tari, yana roƙon a buɗe taga. A kwantar da shi, ya yunƙura ya tashi zaune. Wani ma har kumfa yake fitarwa ta baki, mai ɗan ja-ja. Idan gidan a Yakasai yake, ko Mandawari, ko wani lungu na gindin Dala, to akwai sauran aiki, domin mota ba ta isa ƙofar gida. Sai samari sun tallafo shi har bakin titi, a tsayar da adaidaita sahu, a nufi asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, asibitin da ke karɓar marasa lafiyar birni tun shekarun 1920, lokacin ana ce masa asibitin birni.

Mutanen gida kan ce asma ce ta tashi, ko sanyi ya kama ƙirji. Sau da yawa kuwa zuciya ce ta gaza farat ɗaya.

Gazawar ba tsayawa ba ce. Zuciya tana nan tana bugawa, wani lokaci ma da sauri fiye da ƙima, sai dai ba ta iya tura jini gwargwadon buƙatar jiki. Zuciyar babban mutum mai lafiya tana harba jini kusan lita 5 a kowane minti ko da yana hutawa, tana kuma bugawa wajen sau 100,000 a yini. Idan ƙarfinta ya ragu, jinin da ke dawowa gare ta sai ya yi cunkoso a baya. Duk wanda ya zauna cikin birni ya san yadda ruwan watan Agusta yake yi idan ya fi ƙarfin kwata: ba shi da hanyar wucewa, sai ya koma cikin gidaje. Haka ruwa yake tsattsafowa daga jijiyoyin jini ya shiga huhu, ya taru a ƙafafu da ciki, hanta ta kumbura. Ƙoda kuma, da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji wani nauyin. Dalilin da ya sa dattijon ba ya iya kwanciya shi ne, da zarar ya miƙe, ruwan da ya wuni a ƙafafunsa yakan koma ƙirji.

Likitocin Kano suna cikin waɗanda suka bayyana wa duniya yadda wannan ciwo yake a Afirka. Tsakanin 2007 da 2010 an yi wani bincike mai suna THESUS-HF a ƙasashe 9 na kudu da Sahara, aka bi diddigin marasa lafiya 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya ta gaggawa. Farfesa Mahmoud Sani na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka yi aikin, aka kuma buga sakamakonsa a 2012. An gano cewa hawan jini ne babban sanadi, ya kai kashi 45 cikin ɗari, yayin da toshewar jijiyoyin zuciya, wadda ta fi addabar Turai da Amurka, ba ta kai kashi 8 ba. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 52 ne, alhali a Turai wajen 70 ne. Kusan kashi 4 cikin ɗari sun rasu a gadon asibiti, amma kafin wata shida adadin ya kusa kashi 18. Wani binciken na ƙasashe da yawa, INTER-CHF, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya yi aiki a cikinsa, ya fito a 2017 da cewa cikin shekara guda kashi 34 cikin ɗari na masu wannan ciwo a Afirka suka rasu, fiye da kowane yanki da aka duba.

Wanda ya lura da waɗannan alƙaluma zai ga cewa yawancin mutane suna tsira daga daren farko. Bayan an sallame su ne ake rasa su. Wannan ya sa jinya take da nauyi daidai da magani, kuma a Kano jinya ba ta nas kaɗai ba ce. Kowane gado yana da mai jinya daga gida, 'ya ko mata ko ƙane, wanda zai kwana a gefen gado, ya sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya ba da abinci, ya zubar da fitsari. Shi ne ke ganin mara lafiya dare da rana, kuma galibi babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa abin da zai duba.

Tun daga gida ake fara kuskure, kuma tausayi ne yake jawo shi. An saba idan mutum ya jigata a shimfiɗar da shi, a ba shi ruwa, a yi masa fifita. Fifitar tana da amfani. Shimfiɗarwar kuwa tana iya kashe shi. Mai wannan hali zaunar da shi ake yi, a jingina bayansa da matasai ko da jikin wani, a sauke ƙafafunsa ƙasa, a sassauta masa wuyan riga, kuma haka za a riƙe shi a cikin adaidaita sahu har asibiti. Abu mafi hatsari shi ne a kira wani mai allura na unguwa ya ɗaura ƙarin ruwa. Mutanenmu sun yi imani da ƙarin ruwa, suna ganin shi ne maganin duk wani rashin ƙarfi, har wasu sukan ji haushin likitan da bai sa shi ba. Amma wanda huhunsa ya riga ya cika, leda guda ta ƙarin ruwa tana iya ƙarasa shi.

A sashen gaggawa, nas mai sanin aikinta takan fara da abin da ido ke gani. Za ta ɗaga kan gado, ta ƙirga numfashi a minti (babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20, wanda ya haura 25 yana cikin mawuyacin hali), ta maƙala masa 'yar na'urar nan a yatsa don auna iskar oksijin a jini. Idan ta yi ƙasa da kashi 90, a sa masa iska. Sai awon jini da bugun zuciya, sai a sa allura a jijiyar hannu domin likita ya ba da maganin fitsari, wanda aka fi sani da Lasix. Ta jijiya yakan fara aiki cikin mintoci. Idan jini ya hau sosai, akan ƙara maganin da ke buɗe jijiyoyi don rage wa zuciya nauyi. Gwajin bugun zuciya da hoton ƙirji da hoton zuciya duk za su biyo baya. Akwai kuma aikin da ba a rubuta shi a kati: kwantar da hankali. Mutumin da ke jin kamar ana nutsar da shi a ruwa yana cikin firgici, firgici kuma yana ƙara wa zuciya gudu. Nas ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Sannu Baba, muna tare da kai, ja numfashi a hankali," wannan ma magani ne. Dangin da suka kewaye gado suna salati da kuka gara a rage su, a bar mutum ɗaya mai nutsuwa.

Bayan an wuce wannan mataki sai a shiga aikin kwanaki, wanda kusan dukkansa lissafin ruwa ne: nawa ya shiga, nawa ya fita. Duk abin da ya sha ana rubutawa, har kunu da koko da shayi da fura da romon miya, ba ruwan sha kaɗai ba. Duk fitsarin da ya yi ana aunawa kafin a zubar. Idan likita ya ƙayyade masa lita ɗaya da rabi a yini, hanya mafi sauƙi ga mai jinya ita ce ledar ruwa uku, tunda kowace rabin lita ce, a ware su da safe, duk kofin kunun da aka ba shi a rage kwatankwacinsa. Ba kowa ake ƙayyade wa ruwa ba, kuma zafin watan Afrilu a Kano, da kan kai maki 40, yana canza lissafin, don haka likita ne zai faɗi adadi, ba maƙwabcin gado ba. Ƙishirwa tana wahalar da su ƙwarai. Kurkure baki, ko tsotson ɗan ƙanƙara, ko ɓarin lemon tsami yana rage ta.

Sikeli ya fi kowa faɗin gaskiya a nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka nauyin mara lafiya kowace safiya, bayan ya yi fitsari kafin ya karya, a kan sikeli guda da kaya iri ɗaya, shi ke nuna ko maganin yana ci. Ana buƙatarsa ne musamman saboda halin dattawanmu. Ka tambayi tsoho, "Baba, ya jiki?" zai ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da bai runtsa ba. Tarbiyya ce da tawakkali, ba ƙarya ba ce, amma ba za a gina magani a kanta ba. Gogaggiyar nas takan sauya tambayar. "Baba, matashi nawa ka sa jiya kafin barci ya ɗauke ka?" "Hajiya, daga gado zuwa bayi sau nawa kika tsaya?" "Takalminki yana shiga yau?" Sannan ta danna yatsa a ƙwauri ta ga ko ya lotsa. Wanda ya daɗe a kwance kuwa ruwan ba a ƙafa yake taruwa ba, a ƙugu yake, sai an juya shi an duba.

Kunya ma tana shiga tsakani. Dattijon da bai taɓa cin abinci a gaban surukarsa ba, yau an ce ita za ta riƙe masa mazubin fitsari. Wasu sukan riƙe fitsarin, wasu su lallaɓa bayi da dare su kaɗai su faɗi, wasu su ɓoye ƙwayar Lasix a ƙarƙashin matashi don kada ta tona musu asiri. Iyalin da suka san ya kamata sukan zaɓi mai jinya da tsohon zai sake da shi, namiji ga namiji, mace ga mace, a ja labule, a yi magana ƙasa-ƙasa. Mutuncin da ya tara shekara saba'in bai kamata ya zube a kwana bakwai na asibiti ba.

Tsufa yana sa komai ya zama da lalura biyu. Maganin da ke fitar da ruwa yana fitar da sinadarin fotasiyam, idan kuma ya yi ƙasa bugun zuciya yakan rikice, shi ya sa ake yawan ɗibar jini ana duba shi tare da aikin ƙoda. Idan ruwan ya fita fiye da ƙima sai jini ya sauka, tsoho ya miƙe jiri ya kwashe shi, karayar ƙugu a waɗannan shekaru kuwa wata babbar musiba ce. Don haka ake koya masa ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya tashi, da wani a gefensa. Wanda ake ba maganin zuciya na digoksin, idan ya fara ƙin abinci, yana amai, ko yana ganin abubuwa rawaya-rawaya, a gaya wa nas nan take, alama ce maganin ya taru a jiki.

Akwai kuma rikicewar hankali, wadda ta fi komai tayar wa iyali hankali. Tsohuwar da jiya take gane kowa, yau tana kiran 'yarta da sunan ƙanwarta da ta rasu, tana fizge robar iska, tana cewa a mayar da ita ɗakinta. Nan da nan wani zai ce iska ce, wani ya ce alamar tafiya ce. Galibi ƙarancin oksijin ne, ko gishirin jini ya rikice, ko wata cuta ta shiga huhu ko mafitsara, ko kuwa rashin barci a baƙon wuri. Abu ne da ake magancewa idan an faɗa da wuri. Ba a ɗaure ta, ba a yi mata tsawa. A bar fuskar da ta sani kusa da ita, a ba ta tabaranta da carbinta, a riƙa gaya mata lokaci: "Inna, an kira la'asar, yau Talata, muna asibiti." Addu'a da tofi ba su hana kiran nas.

Fatar da ta kumbura saurin tsagewa gare ta. Wanda ba ya iya motsi da kansa ana sauya masa ɓangare kamar kowane awa biyu, a tsane jiki, a shafa mai, a duba ƙugu da diddige, domin gyambon kwanciya idan ya buɗe yakan fi ciwon zuciyar daɗewa. Da zarar numfashi ya lafa ana so ya fara zama a kujera, sannan 'yan taku kaɗan a cikin ɗaki, saboda dogon kwanciya yana cinye ƙarfin tsoho yana kuma sa jini ya daskare a ƙafa. Tsugunno da yunƙuri a bayi ma suna wahalar da zuciya. Kujera mai rami da ɗan gwanda ko ganye a abinci sun isa su raba shi da wannan.

Sai 'yan dubiya. Dubiya sunna ce kuma zumunci ne, babu mai cewa a daina. Matsalar tana cikin kwanukan da ake shigowa da su: farfesun kayan ciki da aka zuba wa dunƙule har uku, tsire da yaji, kilishi, taliyar leda da ɗanɗanonta, lemon kwalba. Kowa yana so ya kawo abin da zai buɗe wa mara lafiya baki, shi kuma ba zai iya mayar da hannun alheri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule da burodi da yaji. Kanwa ma gishiri ce ta wannan fuska, domin sodiyam ne ya cika ta. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka danganta yawan gazawar zuciya a wurin masu jego da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Abin da ya wahalar da zuciyar mai jego ba zai bar ta tsoho ba, ga shi kuwa ana jefa kanwa a miyar kuka da ɗanwake da dafa-dukan wake. Ba sai an ba shi abinci lami ba. Albasa, tafarnuwa, citta, tattasai, ɗan daddawa da lemon tsami suna tayar da miya. Abin da ya fi dacewa a raba masa tukunya, ko a ɗebi nasa kafin a zuba gishiri da dunƙule.

Duk wannan yana buƙatar nas mai lokacin tsayawa ta yi bayani, lokacin kuwa shi ne babu. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda suka rage suna ɗauke da aikin da ya fi ƙarfinsu, musamman da dare. Tunda haka ne, koyar da mai jinya ba alfarma ba ce, wani ɓangare ne na maganin. Minti goma da za a ɓata ana nuna wa 'yar tsoho yadda ake auna fitsari da rubuta nauyi sun fi arha a kan sake kwanciya bayan wata guda.

Ranar sallama ita ce ranar da ya kamata a fi yin magana, amma ita aka fi yin gaggawa. Kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo, kowa yana murna, sai a ɗauka an warke. Ba a warke ba. An kwashe ruwan ne kawai, zuciyar tana nan da rauninta, kuma magungunan da aka rubuta na hawan jini da na ƙarfafa zuciya na sha ne kullum, yawanci har ƙarshen rayuwa. Daina shan magani yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum asibiti, ko don an ji sauƙi, ko don kuɗi sun ƙare, ko don wani ya kawo jiƙo ya ce ya fi na Bature. Idan kuɗi ne matsalar a gaya wa likita a fili, sau da yawa akwai mai rahusa da zai maye gurbi, kuma yana da kyau iyali su bincika shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kano. Wani tarkon yana kemis. Tsoho ba ya rabuwa da ciwon gwiwa da baya, sai a aiki yaro ya sayo diklofenak ko ibufurofen, ko haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna. Waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa, suna taɓa ƙoda, suna iya rushe aikin mako guda na asibiti. Farasitamol ya fi aminci, shi ma bisa shawara.

Ibada tana da nata tsari. Lasix da safe ake sha don kada fitsari ya hana barci, wanda kuma yake son zuwa masallacin Juma'a sai ya tambayi likita yadda zai gyara lokacin, maimakon ya tsallake. Sujada tana iya tayar da haƙi, shari'a kuwa ta yarda a yi salla a zaune. Azumi ma haka: wanda bai daɗe da tashi daga wannan ciwo ba likitoci sukan hana shi, addini kuma ya ba tsoho da mai ciwo mai ɗorewa damar ciyarwa. Dattawa da yawa ba sa karɓar wannan daga bakin 'ya'yansu, amma sukan karɓa daga limamin unguwa, don haka babu laifi a nemi taimakonsa. Lokacin hunturu kuma a kula da tari da zazzaɓi, domin ciwon huhu yana saurin tayar da na zuciya.

Kowane gida da ke da irin wannan mara lafiya ya kamata ya mallaki sikeli da ɗan littafin rubuta nauyi, ya kuma san wane mai adaidaita sahu za a buga wa waya da dare. Idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ko aka ga an ƙara matashi, ko kumburi ya hau zuwa gwiwa, ko fitsari ya ragu, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Masu iyaye a gida da ba a taɓa auna musu jini ba kuwa, ku kai su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a wannan makon a auna.